Bashin Thiaroye: Sharhi a kan fim ɗin Atlantique

Thiaroye gari ne da ke gefen Dakar, kimanin kilomita 15 daga tsakiyar birnin. Irin garuruwan nan ne da mutanensu ke sammako su tafi birni neman abinci, su dawo da dare su kwana. A nan Mati Diop ta kafa fim ɗinta Atlantique, wanda aka yi da harshen Wolof, ya kuma ci babbar kyautar Grand Prix a bikin finafinai na Cannes a 2019.

Labarin ba shi da sarƙaƙiya. Wasu samari leburori suna gina wani dogon bene, an hana su albashin watanni. Da suka gaji da jira sai suka hau kwalekwale da dare suka nufi Sifaniya, teku ta cinye su. A cikinsu akwai Souleiman, saurayin Ada, yarinyar da ake shirin aurar wa wani mai kuɗi, Omar. Bayan mutuwarsu sai ruhinsu ya riƙa hawa kan 'yan matan unguwa da dare, su tafi gidan mai ginin su ce a biya su.

Abin da fim ɗin ya fi ƙwarewa a kai shi ne nuna yadda hanya take cin rayuwar mazaunin irin wannan gari. Tun farko muna ganin samarin a bayan mota, an kwaso su daga wurin aiki, suna waƙa, Souleiman kuwa ya yi shiru yana kallon teku. Haɗuwarsa ta farko da Ada ma jirgin ƙasa ne ya ratsa tsakaninsu, suna hangen juna ta tsakanin taragai. Ba wanda ya yi jawabi a kan talauci, amma mai kallo ya gane cewa ƙarfin waɗannan samari birni ne ke morarsa, gajiyar kuma Thiaroye suke kai wa.

Zancen hawan ruhi ba zai zama baƙo ga Bahaushe ba, mun san labarin iskoki da yadda suke magana da bakin mace. Diop ta yi amfani da shi da hikima. 'Yan matan da ba su da ta cewa da rana, su ne da dare suke zaune a falon attajiri suna ba shi umarni, har suka kai shi maƙabarta suka sa shi haƙa kaburbura ga waɗanda teku ta hana a yi musu sutura.

Sai dai akwai wani bashi da ya girmi wannan, fim ɗin kuma ya bar wa mai kallo aikin tuno shi. Ranar 1 ga Disamba 1944, a barikin Thiaroye, sojojin Faransa suka buɗe wuta a kan sojojin Afirka da suka dawo daga yaƙin duniya na biyu, don sun nemi a biya su haƙƙinsu. Hukumar mulkin mallaka ta ce mutum 35 aka kashe, masana tarihi da dama na ganin adadin ya kai ɗaruruwa. Ousmane Sembène da Thierno Faty Sow sun yi fim a kan haka a 1988, Camp de Thiaroye. Ɗan Senegal zai haɗa waɗannan matattu biyu masu bin bashi ba tare da an faɗa masa ba. Mai kallo a Zinder ko Kumasi kuwa zai iya gama fim ɗin bai san garin yana da wannan tabo ba.

Haka nan rayuwar gari ta yi ƙaranci. Thiaroye ta bakin teku asalinta ƙauyen masunta ne na Lebu, kuma a 2006, shekarar da sama da mutum 30,000 suka isa tsibiran Kanari ta ruwa, ta rasa 'ya'ya da yawa. Yayi Bayam Diouf, wadda ɗanta ya mutu a wannan hanya, ta tara iyaye mata suka kafa ƙungiyar yaƙi da wannan tafiya. Irin waɗannan iyaye ba su samu wurin da ya kamace su a fim ɗin ba. Lokacin da ya dace a ba su, an kashe shi a kan Issa, ɗan sandan da ke binciken gobarar gadon amarya, alhali mai kallo yana rigansa gano bakin zaren.

Duk da haka Atlantique fim ne da ya cancanci a nema. Labaran ƙaura sun saba bin matafiyi har inda ya nutse ko ya isa. Diop ta tsaya a gida tare da waɗanda aka bari suna jiran waya ta yi ƙara. Marubutanmu da ke rubutu a kan hanyar Agadas suna da abin koyo a nan. Wanda zai kalla kuma, shawarata ita ce ya fara da na Sembène.