Hima Ba Tare da Shawara Ba: Giɓi a Sanarwar Istanbul ta 2015

Sanarwar Musulunci Kan Sauyin Yanayi, wadda aka fitar a Istanbul a watan Agustan 2015, ta yi dace da ta kafa hujja da halifancin ɗan Adam da mizanin halitta. Ta kuma ambaci hima, wato filin da ake keɓewa don kare ciyawa da itatuwa. Sai dai ta kawo ta a matsayin tarihi abin alfahari, ta tsallake mas'alar fiƙihun: wa ke da ta cewa a kan iyakarta?

A Muwaɗɗa, Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, ya umarci Hunayyu, wakilinsa a hima, ya shigar da masu 'yan raƙuma da tumaki, ya fifita su kan garken Ibnu Aufu da Ibnu Affan, yana mai amincewa cewa ƙasar ta mazaunanta ce. Sanarwar kuwa ta jera jama'ar masallatai da shugabannin al'umma cikin waɗanda ake kira, ba ta ba su kujera wajen tsara doka ba.

Alhali a Maraɗi da Damagaram, gawo ya dawo gonaki daga shekarun 1980 ne, bayan ikon itacen ya fara komawa hannun manomi daga hannun ma'aikacin gandun daji.