Kogon Siminti: Tarken Lambun Buttes-Chaumont na Birnin Faris

Lambun shaƙatawa na birni aikin fasaha ne kamar waƙa ko zane. Yana da jigo da salo da zubi, yana da abin da ya faɗa da abin da ya sakaya. Wanda ya dasa itatuwa a tsakiyar gari ya riga ya yanke hukunci a kan wanda zai sha inuwa da yadda zai sha ta. Lambun Buttes-Chaumont, da ke arewa maso gabashin Faris, yana cikin ayyukan da suka fi cancantar irin wannan tarke.

Manyan lambunan Turai na dā mallakar sarakuna ne. A Versailles, André Le Nôtre ya shimfiɗa wa Sarki Louis na 14 hanyoyi miƙaƙƙu da shuke-shuke askakku, ta yadda duk inda ido ya bi sai ya koma ga fada. Daga baya ƙofofi suka fara buɗewa: a 1766 Sarki Joseph na 2 ya bar wa jama'ar Biyana dajin farautarsa na Prater. Da masana'antu suka cika birane da hayaƙi, kwalara kuma ta afka wa Faris da Landan a 1832, sai aka fara ɗaukar iska da fili a matsayin magani. A 1847 aka buɗe lambun Birkenhead a Ingila, wanda Joseph Paxton ya tsara, aka gina da kuɗin jama'a. Napoleon na 3, da ya yi zaman gudun hijira a Landan, ya koma gida da sha'awar wannan salo, ya ɗora wa Haussmann da injiniya Adolphe Alphand aikin cika masa buri.

Wurin da aka zaɓa ya isa jigo shi kaɗai. Tsohon ramin haƙar dutsen filasta ne, a kusa da Montfaucon inda aka daɗe ana rataye masu laifi, daga baya ya zama juji da mayankar tsofaffin dawakai. An fara aiki a 1864. Aka fasa duwatsu da nakiya, aka kwaso ƙasar noma daga wani wuri, aka jawo ruwa da famfo. Ranar 1 ga Afrilu, 1867, daidai da buɗe baje kolin duniya na Faris, aka buɗe lambu mai faɗin kimanin hekta 25.

Ta fuskar salo, gwanintar Alphand ba ta da musu. Ya ƙi cike ramin, ya mayar da raunin ƙasa ado. A tsakiya akwai tafki, a tafkin tsibiri mai tsayi, a ƙwanƙolinsa ɗan ginin da Gabriel Davioud ya kwaikwayo daga wani tsohon ɗakin bauta na Tivoli a Italiya. Hanyoyin suna lanƙwasa, suna ɓoye abin da ke gaba har sai mai tafiya ya sha kwana, kamar yadda gwanin labari yake riƙe zaren zance. A Versailles wuri guda ne aka keɓe wa mai kallo, wato inda sarki yake tsayawa. A nan kowane tudu yana ba da nasa kallon.

Sai dai wannan daji sarrafaffe ne. Tsinayen dutsen da ke rataye a rufin kogon ƙirar hannu ne, makaran da suke kama da rassan itace siminti ne, ruwan da ke gangarowa kuma inji ne yake tura shi. Ƙirƙira ba aibi ba ce a fasaha, domin adabi ma da ita yake rayuwa. Abin tuhuma shi ne wanda ƙirƙirar take yi wa hidima. Rushe-rushen Haussmann a tsakiyar gari da tsadar haya sun tura talakawa da yawa zuwa unguwannin gefe irin su Belleville, wadda aka haɗe da Faris a 1860. Aka raba su da gidajensu, aka ba su wurin yawo. Lambun ya nuna wa baƙin 1867 daular da ke iya mayar da juji aljanna, bai ce komai ba a kan ɗakunan da maƙwabtansa suke kwana a ciki. Kura ce da fatar akuya, in ji mai tsananta hukunci. Tarihi ma ya ba shi hujja: shekara huɗu kacal bayan buɗewar, a watan Mayun 1871, tudun nan ya zama ɗaya daga cikin matsayan ƙarshe na 'yan tawayen Commune, aka girke igwa inda aka tanada don shan iska.

Duk da haka, hukuncin da ya tsaya a kan niyyar mai aiki bai cika ba. Kamar yadda littafi yake kuɓuce wa marubucinsa da zarar ya shiga hannun makaranta, haka lambu yake kuɓuce wa mai shi da zarar an buɗe ƙofa. Daular Napoleon na 3 ta faɗi a 1870. Itatuwan da ta dasa don ado suka girma da gaske, inuwarsu kuma ba ta tambayar kowa takardar gida. A yau 'ya'yan ma'aikata da na baƙin haure suna baje kayan abinci a kan ciyawar gangaren, ba tare da biyan ko sisi ba.

Saboda haka Buttes-Chaumont ya yi nasara a salo, ya gaza a gaskiya, sannan masu amfani da shi suka cike masa giɓin da ya bari. Ma'aunin kowane lambun birni ke nan: a duba abin da aka binne a ƙarƙashinsa, a duba wanda aka tayar kafin a dasa shi, sannan a duba wanda yake zaune a inuwarsa bayan masu ginin sun shuɗe.