Fumoto: Ɗan Bawul Ɗin da Ya Sa Juyen Baƙin Mai Ya Zama Abin Marmari

Duk mai motar da yake yin juye da hannunsa a gida, ina roƙonsa ya ba ni aron kunnensa, domin akwai wani ɗan ƙarfe da na kasa daina yabonsa tun ranar da na ɗaura shi a ƙasan injina. Sunansa Fumoto, ƙirar Japan ne, kuma tun 1976 ake yin sa. Da tagulla aka ƙera jikinsa, yana da ɗan hannu mai sifirin a gefe, gaba ɗayansa kuma sai ka dunƙule shi a tafin hannu. Ana cire notin juye na asali da ke ƙasan botom filet, a ɗaura shi a madadinsa, shi ke nan an gama har abada. Wallahi a duk kayan da na taɓa saya wa mota, ban ga wanda ya biya ni kuɗina kamarsa ba.

Sai wanda ya san wahalar notin juye zai gane dalilin wannan ɗoki nawa. Ka kwanta a ƙasa, injin da zafi, sifana a hannu, kana lalube. Notin ya ƙi motsi, ka yi ta fama, can ya saki. Daga nan ka koma kwancewa da yatsu, kana danna shi ciki don kada mai ya fara tsiyaya, kana lissafin zagayen ƙarshe. Ko ka ƙware yaya, a wannan zagayen na ƙarshe baƙin mai zai tsinke ya bi hannunka, mai kuma da injin ya yi aiki da shi zafinsa yakan kusa na tafasasshen ruwa. Notin ya suɓuce ya faɗa cikin roba, ka shiga nemansa a cikin baƙin ruwa. Iska ta kaɗa, man ya kauce wa robar ya zuba a simintin tsakar gida, tabon da uwargida ba za ta manta da shi ba.

Wannan duk ƙazanta ce, ana wanke ta. Babbar ɓarnar tana cikin tiredi. Kamfanonin mota sun ƙayyade ƙarfin da ake ɗaure wannan noti da shi: a Toyota Corolla 37 ne a ma'aunin Nm, a yawancin motocin Honda kuma kusan 39. Ƙarfi ne matsakaici, wanda hannu ɗaya da gajeriyar sifana suka isa su ba da. Sun kuma ce a sa sabuwar washa a kowane juye, saboda washar nan laushi gare ta, aikinta ta matse ta toshe kafa sau ɗaya kawai. To, wa yake sauya ta? Tsohuwar ake mayarwa, ta ƙi riƙewa, mai ya fara ɗiga, sai a ce a ƙara ɗaurewa. A gareji da yawa za ka ga yaro ya zura bututu a ƙotar sifana ya ja da dukkan ƙarfinsa, shi a ganinsa alheri yake yi maka. Noti na ƙarfe ne, botom filet na motoci da dama, musamman Honda, na alminiyam ne, kuma idan ƙarfe ya yi kokawa da alminiyam an san wanda zai faɗi. Wata rana tiredin ya cinye, notin ya dinga juyawa ba ya kamawa. Daga nan sai dabaru: a naɗa masa farin tef na masu famfo, a shafa gam, a cusa noti mafi kauri, ko a sauke botom filet ɗin gaba ɗaya a nemo wani.

Yi lissafi da kanka. A irin ƙurar hunturunmu da zafin bazarar da yake haura digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maiduguri, ga cunkoson cikin gari, mai hankali ba ya wuce kilomita 5,000 bai yi juye ba. Motar da ta ci kilomita 200,000 an kwance mata wannan noti an mayar sau 40 ke nan, kowane karo kuma dama ce ta lalata tiredi. Da Fumoto sau ɗaya rak ake taɓa tiredin. Wannan shi ne abin da ya fi burge ni, kuma ko da babu wani amfani bayansa, ya isa.

Yadda yake aiki kuwa, tamkar kan famfo ne. A cikinsa akwai ƙwallon ƙarfe mai huda a tsakiya. Idan yana rufe, gefen ƙwallon ne yake tare hanya. Idan ka juya hannun kwata ɗaya na zagaye, hudar ta daidaita da hanya, mai ya sauko. Hikimar tana wurin kulle: hannun yana zaune cikin wani ɗan gurbi, sifirin yana danne shi. Kafin ya buɗe sai ka ɗaga shi daga gurbin sannan ka juya, motsi biyu mabambanta. Girgizar inji ko gargadar hanya ba sa iya yin waɗannan motsi biyu a jere. Na sha riƙe shi a hannu kafin in ɗaura, ina buɗewa ina rufewa, ina jin yadda yake komawa gurbinsa da ɗan sautin ƙas, tsaf babu sako-sako. Aikin Japan ne na gaske, irin wanda hannu yake shaidawa tun kafin ido.

Yanzu ga yadda juye ya koma a gidana. In tayar da mota ta ɗan ɗumama, in kashe. In zura tiyo a bakin bawul ɗin, ɗaya bakin tiyon kuma cikin tsohon galan. In miƙa hannu in ɗaga in juya. Mai ya bi tiyo ya shige galan kai tsaye, ko ɗigo bai taɓa ƙasa ba. Kafin ya gama sauka na cire filta na sa sabuwa, na duba iskar tayoyi da ruwan lagireto. In rufe bawul, in zuba sabon mai, in rufe galan da murfinsa. A wasu motocin masu ɗan tsayi ko jak ba ka buƙata, hannu yana kaiwa daga gaba. Filta dai tana nan da halinta, sai ta ɗan shafa maka mai, amma rabin wahalar aikin ya tafi.

Tun da aikin ya yi sauƙi na lura ba na ɗaga ranar juye. Da, idan lokaci ya yi sai in ce bari Asabar mai zuwa, Asabar ta zo a ce wata. Yanzu da awon kilomita ya cika, a yammacin ranar ake gamawa. Inji ba ya son komai kamar mai mai tsabta a kan lokaci, don haka ɗan bawul ɗin nan tsawon rai yake ƙara wa mota ta hanyar cire wa mai ita kasala.

Akwai wasu ƙananan alherai da sai ka fara amfani da shi za ka gano su. Idan hannu ya zarce ka zuba mai fiye da alamar sama ta sandar awo, da notin asali sai dai ka kwance ka yi ta kokawar mayarwa mai yana ambaliya. Da Fumoto ka ɗan buɗe, rabin kofi ya fita, ka rufe. Idan kana zargin ruwa ya shiga mai, ko kana so ka ga ko akwai ɓurɓushin ƙarfe, ka tsiyayi kaɗan a farar roba ka duba a rana. Sannan ga lafiyar jiki: littattafan da suke zuwa da motoci suna gargaɗin cewa yawan haɗuwar fata da tsohon baƙin mai yana da haɗari, domin an ga ya jawo kansar fata a gwajin da aka yi kan dabbobi. Ga kuma muhalli. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ce man juye ɗaya tak yana iya gurɓata galan miliyan ɗaya na ruwan sha. A unguwannin da rijiya da burtsatse ne madogarar kowane gida, man da ya shiga galan aka rufe ya fi wanda ya bi kwata alheri nesa ba kusa ba.

Wajen saye, abin kula shi ne girman tiredi, don kowace mota da nata. Yawancin Toyota da Nissan da Lexus suna amfani da M12 x 1.25, lambarsa a wurin Fumoto ita ce F103. Yawancin Honda da Hyundai da Kia da Mazda kuma M14 x 1.5 ne, wato F106. Harafin da ke bayan lambar yana nuna siffar baki: mai N yana da dogon baki na zura tiyo, mai S gajeren baki, sai mai SX wanda shi ne abin ƙaunata. Shi SX gida biyu ne, jiki daban, noti daban, don haka kana iya juya jikin ya fuskanci duk inda kake so kafin ka ɗaure. Hannun ya koma sama ko gefe, nesa da ƙasa, bakin kuma ya kalli inda tiyonka zai fi samun hanya. Motar da ramin notinta ya lotsa ciki, akwai ɗan ƙarin ƙarfe da ake sayarwa don ya fito da bawul ɗin waje. Wajen ɗaurawa, a sa washar da ta zo da shi, a juya da hannu har ya zauna, sannan a ɗan ƙara kaɗan da sifana a jikinsa, ba a kan hannun ba. Bututu ba shi da wuri a wannan aiki.

Tambayar da kowa yake fara yi mini ita ce ta hanyoyinmu: idan dutse ya doke shi fa? Tambaya ce mai ma'ana. Bawul ɗin ya fi notin asali fitowa da kimanin rabin inci. A yawancin motoci ramin juye yana fuskantar baya ko gefe, ƙarafan ƙasan mota sun fi shi kusa da ƙasa, su ne za su fara haɗuwa da tudu. Duk da haka ka leƙa ƙasan motarka ka gani da idonka. Idan ramin yana kallon ƙasa tsaye, motar kuma gajeriya ce, kana kuma yawan shiga hanyar ƙauye, ɗauki gajeren samfuri ko SX ka juya shi gefe. Akwai kuma wani ɗan makulli na roba da ake maƙala wa hannun don ya hana shi ɗaguwa sam, mai amfani ga wanda yake ratsa ciyawa da karan gona. Ni na sa shi, hankalina kuma kwance yake.

Gaskiya ne mai ya fi jinkirin sauka ta cikinsa, tun da hudar ƙwallon ba ta kai faɗin ramin asali ba. Idan man da ɗumi, bambancin 'yan mintoci ne, kuma mintocin nan ba a tsaye kake ba, filta kake canzawa. Wasu suna cewa yana barin ɗan mai a ƙasa. Kowane juye yana barin tsohon mai a lungunan inji, da bawul ko babu, abin da ya rage a nan kuma bai taka kara ya karya ba idan aka zuba sabon lita huɗu a kansa.

Yana da abokan gasa masu kyau, ban raina su ba. Stahlbus na Jamus da ValvoMax na Amurka ba su da hannu a waje, sai ka ɗaura musu wani bakin tiyo na musamman sannan su buɗe, kuma suna da murfin da yake kare su daga ƙura. Tsari ne mai kyau, sai dai ranar da wannan bakin tiyo ya ɓace a cikin tarkacen but, juye ya tsaya. Fumoto ba ya buƙatar komai sai yatsu biyu, shi ya sa ya sace zuciyata.

Lokacin da na saye shi, farashinsa a Amurka yana kewayen dala 30, ni kuma ta intanet na yi odarsa. A canjin yau kuɗi ne, amma kwatanta shi da kuɗin botom filet da gasket da ladan bakanike da yinin da mota za ta yi a ajiye. A nemi na asali mai sunan kamfanin a jiki, domin duk man injinka a bayan wannan ɗan ƙwallon yake tsaye, ba wurin neman araha ba ne. Ina kuma kira ga 'yan kasuwar kayan mota na Ƙofar Ruwa a Kano da Panteka a Kaduna da su cika shagunansu da shi. Ku fara da F103 da F106 kawai, don waɗannan biyun sun ɗauke mafi yawan Corolla da Camry da Accord da Elantra da suke yawo a titunanmu, kuma duk wanda ya ga maƙwabcinsa ya yi juye da shi sau ɗaya, gobe da safe yana ƙofar shagonku.