Idon da ke gane lefidolit

Maginin rijiya a Dakoro zai iya nutsawa gaba talatin cikin ƙasa bai ci karo da wannan dutse ba. Ƙasarmu rairayi ce da laka da suka kwanta bisa juna tun zamanin da ruwa ya rufe yankin, shi kuwa lefidolit, dutsen da ke ɗauke da litiyom, a jijiyoyin tsohon dutsen giranit yake zama, tare da ƙanƙara da kuza. Sai an nausa Liptako wajen Tera, ko jihar Nasarawa a Nijeriya, inda aka buɗe masana'antar sarrafa litiyom a 2024. Ga shi kuwa batirin kowace waya da ake caji a kasuwar Dakoro da litiyom yake aiki.

Abin da ke burge ni shi ne mai tsince dutsen a bakin rami. Gabansa tulin ɓaraguzai, shi ba na'ura, sai ido da farce. Ya ɗauki guda ya juya shi a rana: launin shunayya ne ko ruwan hoda, mai sheƙi kamar cikin ƙwaryar kawa. Launin ma ba na litiyom ba ne, ɗan manganis ne a ciki, shi ya sa gwani ba ya yarda da launi kaɗai. Sai ya sa farce. Dutsen na da laushi, yana ɓantaruwa falle-falle kamar ɓawon kifi, daga nan ma Girkanci ya ba shi suna. Fallen in an lanƙwasa shi a hankali yakan koma yadda yake.

A nan aikin yake, domin akwai ɗan'uwansa maskobit, mai falle iri ɗaya, wani lokaci har da ruwan hodar, amma kusan fanko ne, ba litiyom kirki a cikinsa. Wuta ke raba gardama. Lefidolit na narkewa da sauƙi, ya rina harshen wutar ja wur. Maskobit ya dake. A cikin lefidolit ne Bunsen da Kirchhoff suka gano sinadarin rubidiyom a Jamus a 1861, ta hanyar duban hasken wuta.

Buhu guda da aka cakuɗa da na banza yakan karya farashin lodi gaba ɗaya, don haka dillali na jiran hannun mai tsincewa ya gama kafin a ɗora a sikeli.