Fim ɗin Yesu da ke yawo a wayoyin yaranmu: abin da muka gani a cikinsa



Makonni kaɗan da suka wuce wani ɗalibinmu a ajin Larabci na dare, a nan Domayo, ya tsaya bayan darasi ya miƙo mana wayarsa. Ya ce abokin aikinsa Kirista ne ya tura masa fim ɗin Yesu da Hausa, ya kalla har ƙarshe, kuma zuciyarsa ta motsa. Ya ce: "Malam, ai duk maganar Allah suke yi, ina laifin?" Ba mu yi masa faɗa ba. Mun karɓa mun kalla, domin ba a yanke wa abu hukunci kafin a san shi.

An yi wannan fim a 1979, an gina shi a kan Linjilar Luka, kuma wani ɗan Ingila mai suna Brian Deacon ne ya fito a matsayin Yesu, wato wanda mu muke kira Annabi Isa (AS). An fassara shi zuwa harsuna fiye da 2,000, har da Hausa da Fulatanci. Ba don nishaɗi aka yi shi ba. Kiristoci sun yi imani cewa an ɗora musu nauyin kiran dukan al'ummai, kamar yadda yake a ƙarshen Linjilar Matiyu, kuma fim ɗin kayan aikin wannan kira ne.

Mu fara da adalci. Aikin yana da kyau ta fuskar isar da saƙo. Magana a sauƙaƙe take, tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba za ta gane. An nuna mutum yana zama da talakawa, yana ciyar da mayunwata. Wanda duk ya ga haka dole ya ji wani abu, kuma mu ma ba mu musun cewa Annabi Isa ya warkar da makaho da kuturu da izinin Allah.

To, ina matsalar? Tana wuri uku.

Na farko, sanya ɗan wasa ya fito a matsayin annabi. Malamanmu sun hana wannan, kuma dalilin a bayyane yake: yaron da ya kalla, duk sanda aka ambaci Annabi Isa fuskar wancan Bature ce za ta faɗo masa a rai.

Na biyu, kuma shi ne ya ruɗi ɗalibinmu, kalmomi. Zai ji Allah, Almasihu, tuba, Mulkin Allah, duk kalmomin da ya saba da su. Amma kalma ɗaya na iya ɗaukar kaya biyu. A wurinmu Almasihu laƙabi ne na bawan Allah kuma manzonsa, ɗan Maryama. A fim ɗin kuwa ana nufin Ɗan Allah da ya mutu domin fansar mutane. Mulki a wurinmu na Allah ne tun fil azal, kamar yadda Suratul Mulk ta karantar, kuma bawa yana samun yardarsa ta tauhidi da aiki nagari da rahamarsa. A can kuwa ƙofar shiga ita ce yarda da gicciye, abin da aya ta 157 ta Suratun Nisa'i ta kore. Ba mu ce sun yi haka don yaudara ba, Kiristocin da ke jin Hausa da waɗannan kalmomi suke ibadarsu. Sai dai wanda bai yi karatu ba zai ɗauka tafiyar ɗaya ce.

Na uku, ƙarshen fim ɗin. Bayan labari ya ƙare, sai wata murya ta gayyaci mai kallo ya maimaita addu'ar karɓar Yesu a matsayin mai ceto. An taɓa zuciya na awa biyu, sannan a nemi yanke shawara nan take. Canjin addini ya fi ƙarfin hawayen dare ɗaya.

Amma jama'a, kada mu tsaya a sukar wasu. Mu dubi himmarsu. An buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa tun 1932, da Fulatanci a 1983. Sawtu Linjiila a Ngaundare ta shafe shekaru tana shirye-shiryen rediyo da Fulatanci. Baba Simon, fada ne daga kudancin Kamaru, ya tare a Tokombere a 1959, yana yawo ba takalmi cikin mutanen duwatsu har ya rasu a 1975. Mu fa? Mutanen nan maƙwabtanmu ne, daga Marwa zuwa wurinsu ba nisa, amma da yawanmu arna kawai muka iya ce musu. Mu nawa ne daga Marwa zuwa Garwa za su iya bayanin kalmar shahada da harshen Mafa ko Giziga? Wanda ka raina ba zai saurare ka ba.

Saboda haka ga nasiharmu. Kada wanda ya zagi maƙwabcinsa Kirista don ya turo masa fim. Abin da ya ga alheri ne a wurinsa ya kawo maka, sai ka gode, ka faɗa masa naka da ladabi. Aya ta 46 ta Suratul Ankabut ta iyakance mana yadda ake muhawara da Ma'abota Littafi. Bama-baman da suka tashi a garin nan cikin Yulin 2015 ba su tambayi kowa addininsa ba, mun san kuɗin gaba.

Iyaye kuma, ƙwace waya ba magani ba ne. Maganin shi ne yaro ya san Annabi Isa daga gida kafin ya gamu da shi a fim. Don haka daga Asabar mai zuwa, bayan Magariba, za mu fara karanta Suratu Maryam aya aya da fassarar Hausa da Fulatanci. Ɗalibin nan namu ya ce shi zai fara zuwa. Ku turo naku.

Allah Ya shiryar da mu, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.