Ado da Buhun Ashasha da Tsofaffin Kayan Gida

Adon ɗaki da ashasha sana'ar hannu ce da ake ɗaukar tsohon buhu, ko ƙyallen da ake ɗinka buhu da shi, a haɗa da kayan da suka gama aikinsu a gida, irin su kwalabe, gwangwanaye, guntayen katako, tsofaffin tagogi da igiya, a fitar da abin ƙawata falo ko tebur ko ƙofa. Inda ta fi kafuwa har ta zama salo mai zaman kansa shi ne Amurka, sai Birtaniya da Ostireliya. A can ana danganta ta da kamannin gidan gona: launin ƙasa-ƙasa, kaushi, da abin da ido zai gani ya san hannu ne ya yi shi. Yawancin masu yin ta mata ne, wasu don gidajensu, wasu don sayarwa. Abin da ya ja hankali a kanta shi ne yadda ƙyallen da ba a taɓa saƙawa don a kalla ba ya kai har teburin biki.

Ashasha daga ɓawon wani tsiro ake samun ta, wanda ake kira jut, ɗan gida ɗaya da lalon da ake miya da shi. A gonakin Bengal, inda kogunan Ganges da Brahmaputra ke malala, ana shuka shi a cunkushe don kada ya yi rassa, sai ya miƙe tsawon mita uku zuwa huɗu cikin wata huɗu. Idan an yanke, a ɗaure dami-dami a nutsar a ruwa mai kwanciya na mako biyu ko uku, har ɗankon da ya riƙe zaren ya ruɓe, sannan a saɓule zaren da hannu, a wanke, a shanya. Duk wanda ya ga yadda ake jiƙa rama a kududdufi kafin a tufka igiya ya san aikin. Indiya da Bangaladash ke noma fiye da kashi 90 cikin ɗari na jut ɗin duniya. Zaren yana da ƙarfi amma ba shi da laushi, kaurinsa kuma ba ya zuwa daidai, shi ya sa saƙarsa ke fitowa da ƙulle-ƙulle da ramuka. Ramukan nan su ne amfaninsa a wajen ɗan kasuwa, domin hatsi na shan iska ta cikinsu, kuma su ne kyansa a wajen mai ado.

Masaƙan Bengal sun daɗe suna saƙa shi da hannu, amma garin Dundee na Sikotilan ne ya mai da shi hajar duniya. A shekarun 1830 masu masaƙu a can suka gano cewa idan aka jiƙa zaren da ruwa da man kifin teku mai suna whale, zai yi laushin da inji zai iya kaɗa shi. Garin yana da jiragen farautar wannan kifi, don haka man yana kusa. Kafin ƙarshen ƙarnin, dubun-dubatar ma'aikata ne ke cikin masaƙun Dundee, mafi yawansu mata, a kan lada kaɗan, cikin ƙura da ƙarar inji. A 1855 aka kafa masaƙar jut ta farko a Indiya, a Rishra kusa da Kolkata, kuma sannu a hankali Kolkata ta ƙwace kasuwar. Rabuwar Indiya da Fakistan a 1947 ta bar yawancin gonakin a gabashin Fakistan, wato Bangaladash ta yau, masaƙun kuma a ɓangaren Indiya. Tsawon wannan zamani, kofi da koko da sukari da auduga duk a cikin ashasha suka zaga duniya, yaƙe-yaƙe kuma suka ci miliyoyin buhunan yashi. Dalar gyaɗar Kano ma da irin waɗannan buhuna aka gina ta.

Daga shekarun 1960 buhun roba ya fara ture shi, domin ya fi araha, ba ya ruɓewa, kuma manyan jirage sun koma loda hatsi ba tare da buhu ba. Masaƙun Dundee suka rufe ɗaya bayan ɗaya har ƙarshen shekarun 1990. Indiya ta kafa doka a 1987 da ta tilasta zuba wani kaso na hatsi da sukari a buhun jut don ceto manoma da masaƙu. A ƙasashen Yamma kuwa buhun ya ɓace daga rayuwar yau da kullum, kuma ɓacewar tasa ce ta ba shi farin jini. Sai da mutane suka daina ɗaukarsa a kafaɗa sannan suka fara ganin kyansa.

Al'adar juya buhu zuwa wani abu tana da tushe na gaske a ƙauyukan Amurka. A shekarun 1930, lokacin karyewar tattalin arziki, matan manoma suna warware buhunan fulawa da na abincin kaji su ɗinka riguna da labule da zanen gado, har kamfanoni suka fara buga furanni a jikin buhun don a saya. Waɗannan buhunan auduga ne. Ashasha ita ce ta can ƙasa, ta dankali da dusa, wadda ake toshe iska da ita ko a shimfiɗa a bakin ƙofa. Abokiyar tafiyarta a ado, kwalbar ajiye abinci mai murfin murɗawa, John Landis Mason ne ya yi rajistar ƙirarta a 1858, kuma aikinta shi ne adana tumatir da 'ya'yan itace don hunturu. Duka biyun kayan rufin asiri ne kafin su zama kayan ƙawa.

Juyawar ta zo a matakai. A 1989 Rachel Ashwell ta buɗe shagon Shabby Chic a Kalifoniya, ta sa kayan ɗaki masu koɗaɗɗen fenti suka zama abin yayi. Kasuwar intanet ta Etsy, wadda aka buɗe a 2005, ta ba masu aikin hannu wurin sayarwa, Pinterest kuma daga 2010 ya ba su wurin kwaikwayon juna da hoto. Tsakanin waɗannan biyu aka yi durƙushewar tattalin arziki ta 2008, lokacin da ma'aurata da yawa suka koma yin bikinsu a rumbunan gona da kayan adon da suka haɗa da kansu. Shirin talabijin na Fixer Upper, wanda Chip da Joanna Gaines suka fara a 2013 a garin Waco na jihar Teksas, ya kai salon gidan gona cikin falon miliyoyin mutane. A waɗancan shekarun da wuya a je biki a wasu jihohi ba a ga ƙyallen ashasha a miƙe a tsakiyar tebur ba, da kwalba a kai, an ɗaure wuyanta da igiya.

Aikin kansa yana farawa ne daga sanin halin ƙyallen. Sabuwar ashasha tana da wari mai kama da na kananzir, wanda ke fitowa daga man da aka lausasa zaren da shi, domin man fetur ya maye gurbin man kifi tun da daɗewa. Buhunan kofi da koko na yanzu an fi yin su da man tsirrai, shi ya sa masu ado ke neman su. Ana shanya ƙyallen a inuwa kwana biyu, idan kuma dole a wanke, da hannu ake yi a ruwan sanyi, saboda yana tsukewa yana kuma zubar da gashi. Yanka shi ma yana da dabara. Idan aka sa almakashi kai tsaye layin zai karkace, gefen ya yi ta warwarewa. Gwanaye sukan tsinke zare ɗaya a baki, su ja shi a hankali har ya fita daga wannan gefe zuwa wancan, sai ya bar wata siririyar hanya a cikin saƙar, a bi ta da almakashi. Idan ana son gefe mai geza, a yi ɗinki ɗaya kamar yatsa biyu daga baki, a zare zarurrukan da ke wajen ɗinkin ɗaya-ɗaya; ɗinkin ne zai hana warwarewar wucewa ciki.

Daga nan kowane abu da nasa. Zoben da ake ratayewa a ƙofa ana yin sa ne da waya mai layi uku ko huɗu: a riƙa cusa dogon tsirin ashasha tsakanin layukan daga baya, a fito da shi kumbure, a murɗe, a matsa shi jikin na baya, har zoben ya cika. Kwalba ko gwangwani ana naɗe cikinsa da tsiri ɗaya, a ɗora siririn leshi, a ɗaure da igiyar jut, a manna da gam mai zafi. Rubutu ana yin sa da kwali da aka huda siffar haruffa, kuma buroshin sai ya kusa bushewa, a riƙa dangwalawa maimakon shafawa, a sa wani kwalin a ƙasa domin fenti na bi ta ramukan saƙa. Matashin kujera da aka yi da buhun kofi yana buƙatar shafi na auduga a ciki, tare da ninka ɗinki, in ba haka ba zai buɗe a wata ɗaya. A wannan aiki tambarin da ke jikin buhun, sunan ƙasa da nauyi da lambar kaya, shi ake so ya fito a tsakiya. Kyan salon gaba ɗaya yana cikin haɗa kaushi da santsi, ashasha kusa da gilashi ko leshi ko farin fenti. Idan ta yi yawa ba abin da ya saɓa mata, ɗakin sai ya koma kamar sito.

Akwai haɗurra da masu koyarwa ba su cika faɗa ba, kuma ya kamata a faɗa. Ashasha tana kama wuta da sauri, don haka naɗe kwalbar da za a kunna kyandir a ciki har zuwa bakinta ganganci ne. Katakon da ake ɗora kaya a kai a tashar jiragen ruwa, wanda ake farfasawa a yi kanta ko allon bango, yana ɗauke da hatimi: HT na nufin da zafi aka kashe ƙwarinsa, MB kuma na nufin da iskar guba aka yi, wannan bai dace da cikin ɗaki ba. Tsofaffin tagogi da ƙofofi suna iya ɗauke da fenti mai darma, wanda Amurka ta haramta a gidaje a 1978, kuma goge shi da takarda mai yashi yana tayar da ƙurar da ke cutar da yara. Buhun da ba a san abin da ya ɗauka ba, ko taki ko maganin ƙwari, ba a kai shi teburin abinci.

Babban abin dubawa a wannan salo shi ne gaskiyar kayan. Hujjarsa tun farko ita ce da tsohuwar zuma ake magani: abin da ya yi aiki ya gaji yana da labari a jikinsa, kuma ceto shi daga bola alheri ne. Amma da yayi ya yi ƙarfi, manyan shaguna suka cika da sabuwar ashasha a naɗe, wata ma ta roba ce da aka yi wa launi, da sababbin kwalabe da ba su taɓa ganin tumatir ba, da tambarin kamfanonin kofi na ƙarya da aka buga don ado. Wanda ya sayi waɗannan ya manna su da gam bai rage shara ba, ƙara ta ya yi, kuma abin da ya samu kamannin tsufa ne kawai. Aikin da ya amsa sunansa ana gane shi: buhun da faci a jikinsa, kwalba daga kicin ɗin gidan, ɗinki mai riƙewa. Irin wannan ya fi wuya, domin tsohon kaya ba ya zuwa da awo, sai mai yin ya bi abin da ya samu.

Masu fasaha biyu sun nuna iyakar abin da buhu zai iya faɗa idan aka bar shi da tabonsa. Alberto Burri, likitan sojan Italiya da aka tsare a sansanin fursunoni a Teksas lokacin yaƙin duniya na biyu, ya koma gida ya riƙa ɗinke yagaggun buhuna a kan allo a shekarun 1950, ɗinkin yana kama da na rauni. Ibrahim Mahama, wanda aka haifa a Tamale a 1987, yana karɓar buhunan da aka shigo da su Gana don koko, waɗanda daga baya suka ɗauki masara da gawayi, ya ba 'yan kasuwa sababbi a madadinsu. Ana haɗe su da basilla su zama manyan mayafai, da sunayen masu su da baƙin gawayi a jiki. Da su ya lulluɓe dogon lungu a baje kolin Venis na 2015, da gine-gine a Kassel ta Jamus a 2017. Abin da adon falo yakan wanke ya ɓoye, wato gumin lebura da doguwar tafiyar kaya, shi Mahama ya sa a gaba.

A ƙasar Hausa sarrafa tsohon abu ba sabon labari ba ne. Gwangwanin madara ya zama aci-balbal, tayar mota ta zama takalmi, tib ya zama guga. Ashasha kuwa har yanzu tana bakin aiki: da ita ake naɗe huhun goro a riƙa yayyafa ruwa, da ita ake lulluɓe tulu ko ƙanƙara don sanyi ya daɗe. Amma ba ta shiga jeren amarya ba, domin adon ɗaki a nan ya fi karkata ga sheƙi da sabunta, daga jeren kwalla da tasa zuwa tangaran da kabet. Inda buhu ke nan a ƙofar kowane shago, da wuya a kalle shi a matsayin ƙawa. Wurin da salon ya fara samun shiga shi ne shagunan shan shayi da kofi na manyan birane da wajen masu shirya biki, kuma a can yana zama da kyau kusa da faifai da ƙwarya da tabarmar kaba, waɗanda launinsu da kaushinsu suka dace da nasa.

Kayan ashasha ba masu dogon rai ba ne. Rana tana sa su ja sannan su yi rauni, laima tana kawo musu fumfuna, ƙura kuma tana maƙalewa a ramukan saƙar, sai dai a kakkaɓe ko a bi da buroshi mai laushi, domin wanki yana lalata siffarsu. A wuri mai ƙurar hunturu ko damina mai nauyi sun fi dacewa da cikin ɗaki, nesa da taga. Idan sun ƙare, wanda aka haɗa da ɗinki da igiya kawai ana iya warware shi a rufe gindin shuka da ƙyallen, ya ruɓe cikin ƙasa a shekara ɗaya ko biyu. Wanda aka cika da gam da fentin roba ba ya ruɓewa haka, sai an yanke wuraren da suka taɓa.