Daga gaban tele zuwa cikinta: wace Hausa ɗan kallo yake kaiwa fage?

A hirarrakin da ake yi da ƴan wasan kwaikwayo na ƙasarmu akwai labari guda da ke yawan dawowa: tun yana yaro yake zama gaban tele, ya haddace muryoyin manya, yana kwaikwayonsu a lakwal, har ranar da shi ma ya shiga cikin akwatin. Masu hirar sukan ɗauki wannan shaidar ƙauna, kuma ƙauna ce. Abin da wannan takarda za ta duba shi ne tasirin ƙaunar bisa harshe, domin wanda ya koyi wasa ta hanyar kallo, da wasan da Hausar wasan yake ɗauka tare.

Ɗan kallo na farko a Nijar ɗan makaranta ne. Talabijin ta shigo a 1964 domin koyarwa: akwati yana magana da Faransanci, yara suna maimaitawa. An kafa ORTN a 1967, amma sai a 1979, zamanin Seyni Kountché, Télé Sahel ta zama tashar kowa da kowa, aka rarraba akwatunan gayya cikin unguwanni da ƙauyuka, wasu suna aiki da hasken rana. Daga nan Hausa ta samu shiga ta ƙofa biyu, labaru da wasan kwaikwayo. Ɗabi'ar maimaitawa kuwa ba ta gushe ba. Washegarin wasa, yaran gari su ne ke sake yin sa a bakin rijiya.

Waɗanda yaran suke kwaikwayo ba su tashi da tele ba. Yazi Dogo malamin makaranta ne, ɗan ƙasar Arewa, wato Dogon Dutsi, ya yi suna tare da ƙungiyar ORTN ta Damagaram. Shi da tsararsa daga aji, da rediyo, da samariya, da gasar bikin matasa suka fito. Janet Beik, a littafinta na 1987 game da wasan kwaikwayon Hausa a Nijar, ta nuna cewa wasan aikin baka ne: ana shirya ƙashin labari tare, kowa ya cika maganarsa da kansa. Ga mai nazarin harshe wannan babban abu ne. Tunda babu rubutaccen zance, babu wanda ya bi ya daidaita shi, kowane ɗan wasa ya hau fage da karin harshen gidansu. A kwatanta (misalan nawa ne):

(1) Sunka zaka, munka gaisa, sunka tahi.
(2) Suka zo, muka gaisa, suka tafi.
(3) Bon, dosiyenka bai iso biro ba, sai ka dawo landi.

A wasannin wancan lokaci, mai faɗin (1) yana iya zama sarki, ko alhaji, ko saurayi mai neman aure, ko uwar gida mai hankali. Babu matsayin da aka hana masa. Wanda aka fi yi wa dariya shi ne mai faɗin (3), ma'aikacin da ke yafa Faransanci a cikin Hausa domin ya nuna wa talaka iyakarsa. Surkin harshe a nan alamar iko ce, kuma wasan yana amfani da ita ya tsokani ikon, a zamanin soja da ba a iya tsokanarsa kai tsaye.

Ba duka gadon ne mai kyau ba. Wasannin sun riƙa ba da dariya da Hausar Buzu da ta Bazabarme da ta Bafillace, musamman rikita jinsin namiji da tamace. Tsohon ɗan wasa a kasuwa ya ji waɗannan muryoyi, kuma yana cikin al'adar wasan taubasantaka da ta san iyaka. Ɗan kallon da ya gaje shi a bakinsa ya ji su. Sai ya kasance yana kwaikwayon kwaikwayo: kurakurai uku ko huɗu, kullum su ne, ba su kama da maganar kowane mutum mai rai. Ga ganina wannan shi ne lahani na farko na koyo ta kallo, muryar takan daskare ta zama riga da ake sawa.

Lahani na biyu ya fi girma, kuma daga kudu ya zo. Tun daga 1990 finafinan bidiyo na Kano suka fara fitowa, kaset ya tsallako iyaka zuwa Maraɗi da Damagaram da Ƙonni. Daga 2000 tashoshi masu zaman kansu suka buɗe a Yamai, a 2014 Arewa24 ta fara watsa shirye-shirye. Yaron da ya tashi a waɗannan shekaru yana son tele kamar yadda yayyensa suka so ta, sai dai abin da yake ɗauka na gida yanzu Kananci yake yi. A wasannin ɗalibai da nakan kalla, rabon ya juye. Jarumi da budurwarsa suna magana irin (2). An bar (1) ga baƙauye, da boka, da tsohuwa mai masifa. Na ji saurayi ɗan Adar, wanda a waje "mi kaka so" yake cewa, yana hawa fage ya koma "me kake so", har biro ya zama ofis, lakwal ta zama firamare, alhali labarin a cikin garin Tawa yake faruwa. Ba wanda ya umurce shi. Haka kunnensa ya koyi cewa ana soyayya.

Kada a fahimci wannan a matsayin kuka da daidaitacciyar Hausa. Tun taron Bamako na 1966 ake neman rubutu guda, kuma littafin makaranta yana bukatarsa. Ɗan wasan Maraɗi da ke son a saurare shi a Kano shi ma yana da hujja, can kasuwar take. Abin suka shi ne rabon matsayi. Idan karin harshen uwarka bai dace da bakin jarumi ba, sai da bakin wawa, to wasan yana koya wa yaron da ke kallo yau darasin da talabijin ta 1964 ta koya wa kakansa game da Hausa baki ɗaya. Batun ya ƙara nauyi tun da dokar sake gina ƙasa ta watan Maris 2025 ta ba Hausa matsayin harshen ƙasa. Wace Hausa? Kafin kwamitoci su zauna, masu rarraba matsayi a wasan kwaikwayo suna ba da amsa kowane dare.

Duk abin da na faɗa ana iya gwada shi, kuma aiki ne daidai da ɗalibin metiriz. A ɗauki wasa biyar na Télé Sahel na shekarun 1980 da biyar na bayan 2010, a rubuta zancen yadda aka furta shi, ba tare da gyara ba, domin ƙa'idar rubutu takan shafe bambancin da ake nema. Sa'an nan a ƙirga siffofi uku kacal a bakin kowane ɗan wasa: munka da muka, h da f a kalmomi irin su tahi da hwaɗa, da kalmomin aro daga Faransanci ko Ingilishi. A gefen kowane adadi a rubuta matsayin da mai maganar ya fito a ciki, da garin da aka haife shi.